Idan Tsoho Ya Faɗi Cikin Dare, Wa Zai Ji?

Jawabin da Kwamitin Lafiya da Jin Daɗin Jama'a ya gabatar a babban taron shekara-shekara na Ƙungiya

  

      

Uwar Ƙungiya ta umarci wannan kwamiti da ya yi wa taro bayani a kan lafiyar dattawanmu da ke zaune a gida, musamman haɗurran da kan same su a cikin gidajensu, da kuma hanyar da za su iya neman agaji idan wani abu ya taso babu kowa a kusa. Sanin kowa ne cewa a tarurrukanmu mun saba tattauna maganar hanya da rijiyar burtsatse da kuɗin jarrabawar ɗalibai, kuma duk abubuwa ne masu muhimmanci. Amma akwai wata magana da kowannenmu ke kwana da ita a rai a can birni, ba kasafai ake kawo ta gaban taro ba. Ita ce fargabar wayar tsakar dare. Duk wanda ya bar tsohuwa ko tsoho a gida ya san yadda gabansa ke faɗuwa idan ya ga kira daga gida a lokacin da ba a saba ba.

A da, garinmu yana da nasa tsarin na gane cewa wani abu ya sami dattijo, ko da yake ba wanda ya taɓa zama ya raɗa masa suna. Idan aka yi sallar asuba ba a ga Malam a sahunsa ba, kafin rana ta fito an tura yaro ya buga masa ƙofa. Jikoki biyu ko uku ne ke kwana a ɗakin kaka, ko tari ta yi da dare akwai wanda zai farka. Katangar da ke tsakanin gida da gida gajera ce, wani wurin ma danga ce ta kara, maƙwabciya tana daka tana jin motsin tsohuwa. Ga gaisuwar safe, wadda ba ta yiwuwa sai an shiga har ɗaki an durƙusa. Yau fa? Jikokin suna makaranta a birni tare da iyayensu. Ɗan da Allah ya buɗa wa yakan sayi fili a bayan gari, ya gina wa iyayensa gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, saboda ƙauna da kuma tsoron halin da tsaro ke ciki. Gidan ya yi kyau, amma ihun mai shekara 80 ba ya tsallake wannan katanga. A nan muna son mu jawo hankalin taro ga iyayenmu mata, domin su a ɗaki suke salla, babu sahun da za a duba a ce yau ba a ga wance ba.

Faɗuwa ita ce kan gaba a cikin waɗannan haɗurra, kuma jama'armu sun raina ta ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum 684,000 ke rasa ransu a kowace shekara ta sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi irin namu, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikin mamatan. Bayan haɗarin mota, babu wani haɗari da ya fi ta kisa a duniya. Rahoton da hukumar ta fitar a 2007 ya nuna cewa a cikin masu shekara 65 zuwa sama, kimanin mutum ɗaya cikin uku yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Ku dubi layin dattawan da ke zaune a gaban nan, Allah ya ƙara musu lafiya, ku yi wannan lissafi da kanku.

Sai dai abin da likitoci suka fi jin tsoro shi ne daɗewar da mutum zai yi kwance a ƙasa bayan ya faɗi. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 1981 ya bi diddigin tsofaffi 125 da suka faɗi a gidajensu a Ingila. Yawancinsu raunin da suka ji ƙarami ne. Amma 20 daga cikinsu sun yi fiye da awa ɗaya a ƙasa ba su iya tashi ba, kuma rabin waɗannan sun rasu a cikin wata shida. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san aikin jiki. Tsokar da nauyin jiki ya danne tsawon sa'o'i takan lalace, ta saki wani abu a cikin jini da ke toshe ƙoda. Mutum ba ya iya kaiwa ga ruwa, jikinsa ya bushe. Idan lokacin hunturu ne, sanyin siminti ya shige shi. Idan bazara ce, zafi ya galabaitar da shi. Fata takan yi gyambo a wuraren da ƙashi ya tokari ƙasa, huhu kuma ya kamu da ciwo. Saboda haka tsohuwar da ta zame a banɗaki da ƙarfe biyu na dare, ba a gan ta ba sai da mai kawo koko ya zo da hantsi, tana cikin haɗari babba ko da ƙashi ɗaya bai karye a jikinta ba. Ajali na hannun Allah, babu mai musun wannan. Amma sa'o'in nan da ke tsakanin faɗuwa da zuwan agaji, su ne aka ɗora mana nauyin ragewa.

Wannan matsala ce ta sa a ƙasashen Turai da Amurka, inda tsofaffi da yawa ke zaune su kaɗai, aka ƙirƙiro na'urar kiran agaji. Wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Boston mai suna Andrew Dibner, shi da matarsa Susan, suka kafa kamfanin Lifeline a 1974 domin wannan aiki. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Dattijo yana rataye wani ɗan ƙaramin abu a wuya kamar laya, ko ya ɗaura shi a hannu kamar agogo, madanni ɗaya ne rak a jikinsa, kuma ruwa ba ya ɓata shi don a iya shiga wanka da shi. Idan ya danna, saƙo zai tafi zuwa wani akwati mai lasifika da ke haɗe da layin waya a cikin gidan, akwatin kuma ya kira wata cibiya da ma'aikata ke zaune dare da rana. Ma'aikacin zai ga sunan mai kiran da adireshinsa da cututtukan da yake fama da su, ya yi masa magana ta lasifikar. Idan ya amsa, sai a ji abin da yake bukata. Idan shiru, sai a kira maƙwabcin da aka rubuta sunansa tun farko, ko ɗansa, ko motar asibiti. Ana biyan kuɗin wata, a Amurka kimanin dala 30, wasu ƙasa da haka wasu sama.

Daga baya an ƙara wa na'urar abubuwa. Akwai masu ɗauke da layin wayar salula a cikinsu, waɗanda ke aiki ko a kasuwa mutum yake, su kuma nuna inda yake ta hanyar tauraron ɗan Adam. Akwai masu jin girgizar faɗuwa da kansu, su yi kira ko ba a danna ba. Tun 2018 agogon Apple Watch yake da wannan: idan ya ji mai shi ya faɗi da ƙarfi kuma ya yi kamar minti ɗaya bai motsa ba, sai ya yi ƙara, ya kira lambar gaggawa, ya tura wa dangi saƙo. Sai dai masu ƙera irin waɗannan da kansu suna gargaɗin cewa ba kowace faɗuwa suke ganewa ba. Wanda jiri ya ɗebe shi ya sulale a hankali jikin bango, na'urar tana iya ɗauka zama ya yi.

Mun san akwai 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen waje, ko masu yawan fita, waɗanda za su ce ai wannan abu ne mai sauƙi, a sayo a kawo. To, a dakata tukuna. A can ma inda aka ƙirƙiro ta, ba ta zama maganin komai ba. A 2008 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Kambirij ta Ingila a kan tsofaffi 110 da suka haura shekara 90. Cikin waɗanda suka faɗi, kashi 80 cikin 100 sun kasa tashi da kansu aƙalla sau ɗaya, kashi 30 kuma sun yi awa ɗaya ko fiye a ƙasa. Abin mamaki shi ne yawancinsu suna da na'urar kiran agaji, amma a mafi yawan lokutan da suka daɗe a kwance ba su yi amfani da ita ba. Wani ya cire ta ya ajiye. Wani yana ganin bai kai matsayin da zai bukace ta ba. Wani kuma yana tsoron idan ya danna za a ce ya gaza, a raba shi da gidansa. Idan Baturen da ya tashi cikin na'urori ya yi haka, ina ga tsohuwarmu mai kunya da kara, wadda ko ciwo ke cinta sai ta ce da sauƙi don kada ta ta da hankalin ɗanta da ke Legas?

Bugu da ƙari, madannin nan ba shi ne ke ɗaga mutum daga ƙasa ba. Amfaninsa ya dogara ne ga wanda zai amsa da wanda zai zo. Gaskiya ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ware lamba 112 a matsayin lambar gaggawa ta kyauta, ta kuma gina cibiyoyin amsa kira a jihohi da dama, kuma ya kamata kowa ya haddace ta. Amma kowa a nan ya san nisan da ke tsakanin garinmu da inda motar asibiti za ta taso, ya kuma san halin hanyar da damina. Sannan ba mu manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, jama'a suka yi makonni ba sa jin ɗuriyar iyayensu. Duk tsarin da ya rataya a kan layin waya shi kaɗai, ranar da layin ya ɗauke ya tashi aiki. A ganin wannan kwamiti, cibiyar amsa kiranmu ita ce maƙwabci, kuma daga kansa ya kamata a fara gini.

Abin da muke ba da shawara a kai ba shi da tsada. Akwai ƙararrawar ƙofa marar waya da ake sayarwa a shagunan kayan wuta na kowane birni, mai amfani da batir. A ɗauki madannin a sa masa igiya ya zama abin wuya, ko a sayi mai madanni biyu a manna ɗaya a gefen gado ɗaya a banɗaki, ƙasa-ƙasa inda hannun wanda ke kwance zai kai. Ita kuma ƙararrawar a ajiye ta a ɗakin wanda ke kwana kusa, ko a gidan maƙwabci idan ya amince. Kada a dogara da nisan da aka rubuta a jikin kwali, domin katangar ƙasa mai kauri da ƙofar ƙarfe suna rage shi sosai; a gwada a wurin, a rufe ƙofofi, a ji ko tana kaiwa. Ko usur na 'yan ƙwallo da aka rataye a wuya ya fi babu, domin mai rauni yana iya busa shi lokacin da muryarsa ta gaza.

Sai maganar waya. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kusan babu dattijon da 'ya'yansa ba su saya masa ba. Amma babbar waya ta shafa-shafa, wadda ɗa ke alfahari da ita, ba ta da amfani ga mai rawar hannu da raunin gani a cikin duhu. Ƙaramar waya mai manyan lambobi da tocila, wadda cajinta ke kwanaki, ita ce daidai. A saita ta yadda danna lamba ɗaya a riƙe zai kira mutum, kuma wanda za a sa a lamba ta farko ya zama na cikin gari, mai iya isowa da ƙafa cikin minti biyar. Ɗan da ke Abuja ya haƙura da lamba ta uku. A ɗinka wa wayar 'yar jaka mai igiya ta zauna a jiki, domin wayar da ke caji a falo ba ta san abin da ke faruwa a makewayi ba. A tabbatar akwai ƙaramar sola ta caji, akwai kuɗi a ciki, kuma layin yana da rajista da sunan mai shi. Da aka rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba bayan wa'adin ƙarshe na Satumbar 2024, waɗanda wani ya yi musu rajista da sunansa sun sha wahalar dawo da nasu. A kuma riƙa maimaita wa iyayenmu cewa duk wanda ya kira ya nemi lambar asusun banki ko wata lamba da aka turo ta saƙo, ɗan damfara ne, a kashe wayar.

Akwai tambaya ɗaya da ake mantawa da ita sai ranar da abu ya faru: idan maƙwabcin ya zo, ta ina zai shiga? Dattijo ya sa sakata ta ciki, tagogi duk an yi musu ƙarfe, ƙofar waje sai mai walda. A irin wannan hali akan ɓata awa guda ana neman guduma alhali ana jin nishin mutum daga ciki. A canza sakatar ɗakin kwana da ta banɗaki zuwa makullin da ake iya buɗewa ta waje, a ba amintaccen mutum mabuɗi ɗaya. Ƙofar banɗaki kuwa ta riƙa buɗewa zuwa waje, domin wanda ya faɗi a ƙaramin ɗaki jikinsa ne ke tokare ƙofar. A cikin tagogin gidan, ko ɗaya ce a yi mata ƙarfe mai buɗewa, saboda gobara.

Yanzu bari mu shiga cikin gidan kansa, domin rigakafi ya fi magani. Babban abokin gabar ƙafar tsoho a gidajen zamani shi ne tayil mai sheƙi. Mu mutane ne masu alwala sau biyar a rana, kullum akwai buta, kullum akwai ruwa a ƙasa. Ruwa a kan tayil mai santsi, ga silifas ɗin roba da ƙasansa ya suɗe, tarko ne aka ɗana. Wanda zai yi gini ya zaɓi tayil mai kaushi, ko ya bar siminti yadda yake a wurin alwala da wanka. Wanda ya riga ya yi, ya shimfiɗa tabarmar roba mai kama ƙasa. A sa mai walda ya yi mariƙin ƙarfe a dasa shi da siminti a bangon banɗaki da gefen masai da wurin alwala, wanda zai iya ɗaukar nauyin mutum baki ɗaya. Ƙusar rataye tawul ba za ta yi wannan aiki ba. Tsuguno yana yi wa mai ciwon gwiwa wuya, kuma a wurin miƙewa daga tsuguno ne jiri ya fi kama mutum. Idan babu halin masai na zama, kafinta zai iya yin kujera mai ƙarfi mai rami a tsakiya a ɗora a kan wanda ke akwai, a kuma ajiye wata kujerar ta wanka.

A bi hanyar da dattijo ke bi daga gado zuwa makewayi cikin dare, taki ɗaya-ɗaya, da idon mai neman laifi. Dokin ƙofa mai tsayi, bakin ledar ɗaki da ya naɗe, darduma a kan santsi, wayar fanka da ta ratsa ɗaki, turke da igiyar akuya a tsakar gida, gansakuka a bakin kwata da damina, duk a kawar ko a gyara. Rijiya ta sami murfi mai nauyi. A sa fitilar sola mai kunna kanta idan ta ji motsi, domin mai shekaru yana bukatar haske fiye da na yaro nesa ba kusa ba kafin ya ga abu ɗaya. Ga wanda fitsari ke yawan tasa, ajiye fo a ɗaki ba abin kunya ba ne.

Da hunturu kuma haɗarin yakan koma na wuta. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iskar guba da masana ke kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum ya ji ciwon kai da kasala da barci, daga nan sai dai a wayi gari. Janareta ma ita yake fitarwa, shi ya sa bai halatta a kunna shi a soro ko a baranda ko kusa da taga ba. Masana sun ce a nisanta shi da ɗaki aƙalla mita 6. A ɗumama ɗaki tun da wuri a fitar da kasko kafin a kwanta, a ƙara bargo. Abin dafa ruwa na lantarki da ake tsomawa a bokiti, wanda akan manta a jone idan an ɗauke wuta, ya ƙone gidaje da yawa a ƙasar nan, haka kyandir da maganin sauro mai hayaƙi a kusa da katifa. Na'urar jin hayaƙi mai batir ba ta kai kuɗin turmin atamfa mai kyau ba. Bazara ma tana da nata. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, wani babban asibiti a Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a cikin kwana huɗu, kusan rabinsu sun haura shekara 60. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, sai an riƙa tuna masa da ruwa, a kuma fitar da shi daga ɗakin kwano da tsakar rana.

Wani ɓangaren gyaran a jikin dattijon yake. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa yanar ido ce ta fi kowace cuta makantar da 'yan Nijeriya, alhali aikin cire ta ɗan gajeren aiki ne da ake yi kullum a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin ido na Kano. Magunguna ma a duba su. Wasu magungunan hawan jini suna sa jiri idan an miƙe da sauri, maganin barci yana sa tangaɗi, maganin ciwon suga kuma yana iya faɗar da sugan ƙasa idan aka sha ba a ci abinci ba, musamman da azumi. A tattara duk abin da dattijo ke sha, na asibiti da na kyamis da na gargajiya, a zuba a leda ɗaya a kai wa likita ya gani sau ɗaya a shekara. A koya masa ya zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe. Malamanmu kuma muna roƙonsu su riƙa tunatarwa cewa addini ya yi sauƙi ga wanda tsayuwa ke yi wa wuya ya yi salla a zaune, kamar yadda ya yi rangwame ga marar lafiya a kan azumi. Da yawa daga iyayenmu sun fi karɓar wannan daga bakin liman fiye da bakin likita. Kada kuma tsoron faɗuwa ya sa a hana su motsi, domin zaman wuri ɗaya ne ke kashe ƙafa. Tafiya masallaci da sanda mai roba a gindi magani ce.

Idan abin ya riga ya faru, kada a yi gaggawar cicciɓar mutum. A yi masa magana, a tambaye shi inda ke ciwo. Idan ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje kuma ba ya iya ɗaga ta, alamar karayar ƙugu ce. Muna girmama maɗoranmu, sun yi wa al'umma aiki tun kaka da kakanni, amma wannan karaya tana can cikin gaɓa inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kuma kwanciyar watanni ita ce ke kashe tsoho. A rufa masa bargo, a ɗauke shi a kan abu mai faɗi, a nufi inda ake hoton ƙashi da tiyata, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Idan kuwa baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, to shanyewar ɓarin jiki ce. Kada a ɗura masa ruwa ko wani abu a baki, yana iya wucewa huhu. A lura da lokacin da abin ya fara, a kama hanya nan take, a yi addu'a a cikin mota, domin maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa a cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi, kuma sai an yi hoton ƙwaƙwalwa tukuna. Wanda kuma ya faɗi bai ji rauni ba, akwai yadda zai tashi: ya mirgina gefe, ya koma kan gwiwoyi da tafin hannu kamar mai ɗagowa daga sujada, ya rarrafa zuwa kujera ko gado, ya dafa, ya kafa ƙafar da ta fi ƙarfi, ya juya ya zauna. A gwada wannan tare da su tun suna lafiya.

Ba za mu rufe ba sai mun ambaci masu gigin tsufa. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, takan sa mutum ya fita ya kasa gane hanyar gida. A ɗinka suna da unguwa da lambar waya a jikin riga ko zane. Muna kuma kira da babbar murya ga matasanmu: tsohuwar da aka tsinta da dare tana sambatu marar lafiya ce, uwar wani ce, a kai ta gidan mai unguwa. Jifan ta da kalmar maita zalunci ne da ya jawo asarar rayuka a wurare da dama.

Gwamnatin tarayya ta sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa a 2021, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa. Muna roƙon 'ya'yanmu da ke aikin gwamnati su bi mana sawun waɗannan. Amma umarnin da ke cikin Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, inda aka ambaci tsufan iyaye ƙarara, a kan 'ya'ya ya sauka.

Don haka kwamiti yana neman amincewar taro a kan abubuwa kamar haka. Tare da izinin Uban ƙasa, masu unguwanni su taimaka a rubuta sunan duk dattijon da ke kwana shi kaɗai ko tare da ƙananan yara kawai, har da waɗanda ba su da ɗa a birni, domin su ne suka fi kowa bukata. Kowane suna a haɗa shi da mutum uku na kusa da suka yarda a kira su kowane lokaci, da mai mota ko mai babur mai ƙafa uku guda ɗaya da aka yi yarjejeniya da shi tun kafin rana ta ɓaci. Matasanmu da 'yan agaji, bayan ma'aikatan asibitin garin nan sun horar da su, su zagaya waɗannan gidaje sau biyu a shekara, kafin damina da kafin hunturu, tare da birkila da mai gyaran wuta, mata kuma su shiga wurin mata. Kada a taɓa komai a ɗakin dattijo sai da yardarsa, gidansa ne. Sannan a ware wani kaso daga kuɗin shekara na rassa a ajiye a gida a hannun mutum biyu, don man mota da kuɗin karɓar marar lafiya a asibiti, mai hali ya mayar daga baya.

Takardun rubuta sunaye suna hannun sakatarorin rassa a bakin ƙofa. Muna roƙon kowa ya cike ta iyayensa kafin ya koma, kuma a daren nan, kafin a kwanta, ya ɗauki tocila ya bi hanyar nan daga gado zuwa makewayi.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya mai da kowa masaukinsa lafiya.